Ragar Baranda

"Ba inda za ni," in ji Yaya Nevena, hannu ɗaya a kan ƙyaure, ɗaya dafe da ƙirji. "Ku je ku ɗauki mai shirin mutuwa."

Ma'aikaciyar motar asibitin ta dube ni kamar ni ne mijin. Ni kuwa maƙwabci ne kawai, Lyuben mai walda, ita kuwa Lyubcho take ce mini, shekara talatin da ɗaya ƙofata na kallon tata a hawa na huɗu, nan garin Pleven. Ni na kira motar, don na tarar da ita zaune a matakala, leɓɓanta sun yi duhu. Yaya Nevena ta sa hannu a takardar ƙin tafiya, suka sauka suna girgiza kai.

"Yaya Nevena, zuciya ce fa, ba mura ba."

"Na sani, likita bokan ƙarfe. Wa zan bar wa wannan?"

Wannan ɗin yana bayan ƙafarta yana tauna silifas. Kwikwiyo ne barbarar yanyawa, kai kamar na kerkeci, ƙafafu guntaye, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. A kwalbatin bayan kasuwa aka tsinto shi, 'yan'uwansa huɗu sun riga sun sandare. Tun da ta bar koyarwa take riƙon irinsu har a samu mai ɗauka, sun haura sittin. Ba ta raɗa musu suna. Ta ce mai ɗauka ke da wannan haƙƙi, kuma abin da ka kira da suna ba ka iya miƙa shi.

Masu so sun zo, ita ce ba ta bayarwa. Wani ya ce gadin gonar inabi zai yi masa, ta hango sarƙa a bayan motarsa, ta rufe ƙofa. Wata ta tambaya ko jinsin yana da takarda. "Yana da ita," in ji ta, "kwalbati ce ta buga masa hatimi." Ƙungiyar da ke kawo mata su kuwa ta ce ba gurbi sai gidan karnukan gari, inda ta rantse ba zai taka ba.

Ni ba na son kare, kowa a benen ya sani. Amma tsoro ya kama ni, tsoron in wayi gari ƙofar can ta daina buɗuwa.

"Ba ni shi," na ce.

"Kai? Kai da ko furen matarka ka kasa rayawa?"

"Na ce ki ba ni."

"To sai an duba gida."

"Gidan da kika sha kofi a ciki sau dubu?"

"Kofi na je sha, ba dubawa ba."

Haka ta tsallako da takardar da take cikewa kafin ta miƙa kare, da tef ɗin awo, tana hutawa a jikin bango. Ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta sa na zubar da maganin ɓera. A baranda ta zura tafin hannunta tsakanin ƙarafan, ya wuce salin-alin.

"Kansa zai shige. Hawa huɗu ne, Lyubcho. Sa raga, ko ta roba ce, yau ɗin nan. In na gani, gobe ka kai ni asibitin naka."

A nan na yi wautar da har yau take cina. Ni, da na yi shekara arba'in ina haɗa ƙarfe, in ɗaura ragar roba a barandata duk unguwa na kallo? Na auna, na yanko ƙarfe, na je har bayan gari neman ragar waya mai kauri. Ranar farko ta tafi a haɗa firam ɗin ƙarfen, ta biyu a fenti. Tana jin ƙarar injina ta bango, ta buga da sanda.

"Kurkuku kake ginawa ne?"

"Gobe, Yaya Nevena. Fenti ne bai bushe ba."

Rana ta uku da hantsi na ɗaure ƙusa ta ƙarshe, na wanke hannu, na ƙwanƙwasa. Kwikwiyon ne ya amsa, da wani siririn kuka. Na ɗauko makullin da ta ba ni ajiya tun rasuwar mijinta.

Tana kan kujerar kicin, sanye da kwat ɗinta na fita, takalmi a ƙafa, jakar asibiti a gefe. Hannunta ya yi sanyi. A kan tebur ga buhun abincinsa, ga katin rigakafi, ga takardar miƙa shi. Ta cike komai da rubutunta na malamar makaranta, har ta sa hannu. Layi biyu kawai ta bari: baranda, da suna.

Na yi kuka, na zagi kaina da ƙarfi har matar hawa na uku ta hauro. Likita ya ce ko an kai ta asibiti ba lallai ba ne ta rayu. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa, kuma ban yarda ba.

An liƙa sanarwar rasuwarta a ƙofar shiga bene, da hoton da ta tsana. Takardar kwikwiyon tana kan firijina, layin suna har yanzu fari. Da safe nakan buɗe masa baranda in zauna da kofina. Yakan wuce kwanonsa ya tafi kusurwar hagu, ya manna hanci a ragar, inda ake hango igiyar shanyarta. Tsohon tawul ɗinsa na nan a rataye, ba wanda ya sauke.