Inda Clive Ya Ce Ya Tsince Shi

Clive Bunnett ya yi shekara da shekaru yana yawo da na'urar gano ƙarfe a gonar Gotts, abin da ya tara bai wuce maɓallai da marfin gwangwani ba. A ƙauyenmu na Norfolk a Ingila, mai irin wannan sha'awa ba shi da dukiyar da ta kai izinin manomi. Matar Clive ta taɓa yin yaji bai rame ba. Gonar Gotts kuwa ko a mafarki ba ya son rasa ta.

Wata Asabar bayan an cire dankali, na'urar ta yi ƙara. Ya tono fil ɗin mayafi na tagulla mai ruwan zinariya, irin wanda ake binne matan Sakson, mutanen dā na ƙasar, da shi fiye da shekara dubu baya. Akwai guntun ƙashi a gefensa. Ya kai wa Gotts.

Gotts ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ya yi kyau. Yanzu sai ka kira masu tonon tarihin nan da burushinsu ke nan?"

"A ƙungiyarmu ta masu na'ura komai muna kai rahoto, Mista Gotts. Ga kuma ƙashi."

"Na tunkiya ne. Amma je ka, sarkin gaskiya. Su zo su kewaye min gona da igiya, su hana ni sa garma. Ranar da suka shigo, ranar za ka fita, kai da sandar taka."

Clive mai gaskiya ne daidai ƙarfinsa. Ya kai fil ɗin ofishin kula da kayan tarihi. Da aka shimfiɗa masa taswira aka ce ya nuna wurin, sai yatsansa ya sauka a makiyayar dokin ƙanwar matarsa, can bayan coci.

Da rani Dokta Fenella Marsh, masaniyar tonon kayan tarihi, ta iso daga jami'a da ɗalibanta. Ita ce ta taɓa cewa a rediyo masu na'ura ɓarayi ne sanye da rigar ruwa. Suka yanka makiyayar gida-gida, suka tankaɗe ƙasa har dokin ya rasa wurin tsayawa. Sun samu takalman doki na ƙarfe biyu. A ɗakin taron ƙauye ta riƙe hannun Clive ta ce da duk irinsa haka suke, da ba ta zage su ba. Aka tafa masa, ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunya ce.

Daga baya ta rubuta maƙala. Ta ce tunda babu kabari a wurin, matar matafiya ce fil ɗinta ya faɗi, don haka wata tsohuwar hanyar fatake ta bi ta bayan cocinmu. Na karanta. Har da taswirar hanyar.

Gotts ya sa garma mai zurfi a shekarar. Clive na bin bayan tarakta yana tsintar abin da ta farfasa: rabin fil, tsakiyoyi, haƙora. Ba shi da bakin kai rahoto yanzu, sai ya riƙa zuba su a gwangwanin biskit.

Wata Lahadi na sami Clive da Gotts a mashaya. Gotts ya ce wa Clive, "Yaya gona, Farfesa?"

"Tana bayarwa, Mista Gotts."

"Ka gani? Baɗi zan ƙara wa garmar zurfi, sai ka fi samu."

Clive ya tashi ya sayo masa giya.