Firjin Aro

Ana cikin kokawar shigar da firji ta ƙofar ɗakin gwajin Auta ta iso, farar rigar aikinta a naɗe a hammata. Ƙarti biyu ke turawa, yayanta na tsaye yana ba da umarni kamar shi ya ƙera firjin.

"A hankali mana! Na mutane ne, in ya ƙwarzane ni za a kama." Ya juyo ya gan ta, ya washe baki. "Auta! Yanzu hankalina ya kwanta. Shiga ki sa rigar, sun ce suna hanya."

Waɗanda ke hanyar jami'an hukumar da ke bai wa ɗakunan gwajin jini lasisi ne. Doka ta ce ba a buɗe irin wannan wuri sai da ƙwararren ma'aikaci mai takardar shaida, kuma duk sakamakon da ya fita yana wuyansa. Yaya ɗan kasuwa ne, bai taɓa leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta ba. Auta ce mai takardar. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, don haka ranar da ya ce ta ara masa takardar ya rataya a bango, ta kasa ce masa a'a. Tana can tana aikinta a babban asibiti, sunanta kuma na nan yana aiki ba tare da ita ba. Yau in asiri ya tonu lasisinta za a soke, kuma shi ne abincinta da na 'ya'yanta.

Ta shiga ciki. Wurin sai ƙyalli yake. Ga sabon madubi a kan tebur, ga jar tukunyar kashe gobara, ga kwandon zuba allurai mai murfi. Babu na Yaya ko ɗaya. Masu ƙananan ɗakunan gwaji na wannan yanki sun daɗe da shirya kansu: ranar da za a duba ɗaya, sauran su tara masa kaya, in an gama a kwashe a kai wa na gaba. Ita wannan tukunyar gobara ta fi jami'an sanin lungunan gari.

Dogo na zaune a teburin karɓar baƙi ya yi tsuru-tsuru. Abokin Yaya ne, ya taɓa zama a kantin magani, kuma shi ke yin gwaje-gwajen kullum. Yau an ce masa rubuta suna kawai ya iya.

"Ina naku kayan aikin?" Auta ta tambaye shi.

"Suna ɗakin baya, Anti. Oga ya ce a kau da su."

Ta tura ƙofar ɗakin bayan. Tsohon firjinsu na jingine da bango, bakinsa a buɗe, an mai da shi ma'ajiyar takalma. A gindin taga, inda rana ta fi duka, aka ajiye wani kwali. Ta zaro 'yan kwalabe biyu, mai ruwa shuɗi da mai ruwa rawaya, waɗanda ake ɗiga wa jini a gane rukuninsa. Sanyi suke so kamar ransu. Ta ji su da ɗumi a tafin hannunta.

"Tun yaushe firjin nan ya mutu?"

"Ai ya kwana biyu," in ji Dogo daga bakin ƙofa. "Amma ruwan na aiki lafiya lau. Abin da ke ba ni mamaki kawai, mutanen unguwar nan yanzu duk rukunin O ne."

Auta ta ɗauko allura. Ta soki ɗan yatsanta, ta ɗiga jini a gilashi, ta ɗiga shuɗin ruwan, ta gauraya. Ita A ce, tun tana ɗaliba ta sani. In ruwan na da rai, jinin zai yi gudaji-gudaji nan take. Ta jujjuya gilashin, ta kai shi wajen haske. Jinin na nan sumul yadda ya fito. Yau ita ma ta zama O.

Ta san su wa ke zuwa nan. 'Yan'uwan marasa lafiya ne da ƙananan asibitoci ke turowa a duba su kafin su ba da jini, asibitocin da ba duka ke sake gwadawa ba. Mai O kuwa cewa ake jininsa na shiga kowa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Sai ga hon ɗin mota a waje.

Shugabar jami'an dattijuwa ce mai tabarau, maganarta ƙasa-ƙasa, irin mutanen da shirunsu ya fi faɗansu firgitarwa. Ta duba takardar bango, ta duba fuskar Auta. Ta buɗe firji ta karanta ma'aunin sanyi. Ta tambayi yadda ake zubar da allurai, Auta ta amsa, muryarta na fita kamar ta wata.

"Me ya sami yatsanki?"

"Allura ce, ranki ya daɗe."

"A riƙa kula."

Daga nan ta fito da kwalaben jini da suka zo da su, waɗanda su kaɗai suka san rukuninsu, ta ce a gwada a gabanta. Auta ta ɗauko ruwan aro mai sanyi daga firjin aro. Jinin ya yi gudaji inda ya kamata, ya ƙi inda ya kamata. Dattijuwar ta gyaɗa kai, ta sa hannu.

"Kin faranta mini rai, 'yata. Makon jiya muka rufe wani wuri kusa da asibitin haihuwa, sun rasa inda za su tura masu ba da jini. Zan ce su turo nan."

Yaya ya raka su yana zuba godiya har da durƙusawa. Ya dawo yana murza hannu.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Cire rigar ki koma aikinki."

"Yaya, ruwan gwajinku ya lalace. Duk sakamakon da ake bayarwa ƙarya ne."

"Rage murya! Za a sayi sabo in abubuwa sun daidaita."

"Firji fa?"

"Ni kike tsarewa da tambayoyi? Wa ya mutu?"

Abin da ba ta sani ba ke nan, kuma shi ya fi ci mata rai. Dogo har ya ɗauko kwalinsa yana jera kwalaben a kan tebur. A kan benci wani magidanci ya zauna, gumi ya jiƙa masa riga, ya riga ya naɗe hannun rigar.

"Don Allah a yi sauri. Matata ce ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Sun ce a duba nawa."

A waje an cika titi da hon. Motar a-kori-kura da za ta kwashe kayan aro ta yi gaggawar zuwa, ta tokare hanya, motar jami'an ta kasa fita.

Auta ta tuna 'ya'yanta, ta tuna shekarun da ta yi tana karatu kafin ta sami takardar nan.

"Malam, sauke hannun rigarka," ta ce. "Yi maza babban asibiti, kar ka tsaya ko'ina."

"Auta!" Yaya ya daka mata tsawa. "Ina za ki?"

Ta ratsa ta gefen ƙartin da suka shigo ɗaukar firji, ta fita cikin rana. Ta ƙwanƙwasa gilashin motar jami'an a hankali, har sai da ta sake. Gilashin ya sauka, dattijuwar ta dube ta ta saman tabarau.

"Lafiya, 'yata?"

"Ranki ya daɗe, akwai ɗakin da ba ku shiga ba."