Jana'iza a Jajiberen Ista

Afiniki ta kutsa cikin kantin da kafaɗa, don ba wadda ta yi niyyar matsa mata. Tun daga bakin ƙofa har jikin kanta mata ne cike, kowace da sabuwar atamfa a hannu tana ɗaga ta sama ta ga yadda haske zai buge ta. Warin gumi da na sabon yadi sun toshe wurin. A kusurwa an ɗora garmaho a kan buhun gishiri, yana ta tsiyayar da wata waƙar Turawa da ba mai jin abin da take faɗi.

A bango, ƙarƙashin hoton Sarauniyar Ingila, an manna babbar takarda da kamfani ya aiko daga Ikko. Zomo ne tsaye da ƙafa biyu, sanye da kwat, yana riƙe da kwandon ƙwai masu launi. Afiniki ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. A ƙauyensu na Kona, zomo naman miya ne.

"A'a, Madam Afiniki," in ji Mista Tsokwa daga bayan kanta. Shi ne akawun kantin, kuma dattijo ne a majami'arsu ta Yelwa. Tun da aka ba shi makullin sito kowace mace ta zama Madam a bakinsa. "Na san za ki zo. Ankon ya kusa ƙarewa. Da kin ƙara jinkiri, da gobe ke kaɗai za ki shiga sujada daban."

"Akoko nake so."

"Akoko? Ana jajiberen Ista?" Ya yi dariya, matan da ke kusa suka taya shi.

"Nikodimu ya rasu da asuba."

Dariyar ta tsaya. Mista Tsokwa ya zare fensir daga bayan kunnensa, ya dube shi, ya mai da shi inda yake.

"Ayya. Ubangiji ya ta'azantar da ke."

Matan suka yi ta sannu, sannu, amma ba wadda ta saki atamfar da ke hannunta. Sai da ya shiga sito ya daɗe kafin ya jawo bandir ɗin akoko, farin yadin da ake likkafani da shi, don an danne shi da kwalayen biskit da kifin gwangwani. Yana cikin yanka ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, "Yaushe za a kai shi?"

"Yau. Kana jin zafin nan."

"Yau da wuya, Madam. Samarinmu duk suna bakin kogi, suna share filin da za mu yi Galili, shagalin nan namu na Litinin bayan Ista. Baturen kanti da kansa ya ba mu aron tamfol. Kafinta kuma yana kan teburan basa, kasuwar tara wa majami'a kuɗi. Da abin ya zo ran Talata, da kin ga jana'iza."

"Zan gaya wa Nikodimu," in ji Afiniki. Ta biya, ta naɗe akokon ta fita.

Nikodimu, mijin Afiniki, yana cikin mutanen farko da aka yi wa baftisma a Jalingo. Da hannunsa aka buga tubalin majami'ar, lokacin da masu sujada ba su cika inuwar ɗorawa ɗaya ba, kuma ba wanda ya san Ista da komai sai fitowa da sassafe a yi waƙa a ce kabari wofi ne. Danginsa na kan dutse sun daina cin abinci da shi tun daga ranar da ya shiga ruwa. Tari ya kama shi tun damina, ya cinye shi a hankali. Da labari ya kai dutse, sai yayansa, wanda mutanen gari ke kira Manga, ya sauko da 'yan'uwansa biyu. Yau da safe Manga ya gaya mata a fili, in rana ta karkata ba a binne ƙanensa ba, zai ɗauke shi ya kai shi gida a yi masa yadda ake yi wa kakanninsu. Shi kuwa Nikodimu abu guda ya roƙe ta tun yana iya magana: a sa shi bayan majami'a, ya tashi tare da 'yan'uwa a ranar da za a tashi.

Baturen mishan yana rangadi a ƙauyuka, saboda haka mai bishara, Malam Zakka, shi ke riƙe da majami'a. Ba ta same shi a gida ba. A kasuwa ta same shi, a rumfar Hambali tela, tsaye ya buɗe hannuwa, an rataya masa kwat mai hannu ɗaya, duk jikinta zanen alli.

"Mama, na ji, na ji," ya ce, hannuwansa a buɗe har yanzu. "Yanzun nan nake cewa zan zo."

"To ga ni na rage maka tafiya. A samo masu haƙa."

"Za a samu. Sai dai kin san yau ɗin. Uwargidan Di'o, Baturen mulki, ta kira 'yan makarantarmu su je gidanta da la'asar neman ƙwai a cikin furanni, ni zan jera su in kai su. Ba a taɓa kiranmu gidan Di'o ba, Mama. Wannan ƙofa ce Ubangiji ya buɗe mana."

"Ƙwan ɓata ya yi?"

"A'a, ɓoyewa ake yi, yara su nemo. Al'adar Ista ce a Turai."

"Manga zai tafi da shi in rana ta karkata."

"Ba zai yi haka ba. Ki lallashe shi. Ana gamawa zan taho a guje."

Hambali, wanda iyayensa suka zo daga Zariya da keken ɗinkinsu, ya miƙo hannu ya karɓi akokon. Ya zare hannun kwat ɗin daga ƙarƙashin allura ya ajiye gefe.

"Allah ya ba ki haƙuri, Goggo. Kawo in kama miki bakinsa." Yana taka keken yana magana. "Mutumin kirki ne. Ni dai ban san abin da kuke yi a sallar nan taku ba, amma wallahi ta fi mini tamu ciniki. Rabona da barcin kirki tun makon jiya."

Malam Zakka ya dubi hannun kwat ɗinsa da ke kwance a kan tabarma, ya dubi rana.

Hanyar gida ta bi ta gaban majami'a. A gindin mangwaro matan zumunta sun kewaye manyan kwanoni, suna tsoma dafaffen ƙwai a ruwan bula da jan garura. Da suka hango ta suka tashi. Shugabarsu ta rungume ta da gwiwoyin hannu, tana ɗaga tafukanta sama don kada ta ɓata mata zane.

"Muna nan zuwa, 'yar'uwa. Bari mu sauke wannan. In ya huce launin ba ya kamawa."

Afiniki ta dubi tafukan nan da suka yi shuɗi. Jiya Jumma'a wannan matar ce ta fi kowa kuka da ake ba da labarin giciye, har sai da aka riƙe ta. Ta wuce.

A gida ta tarar da maƙwabciyarta Zulai zaune a ƙofar ɗaki tana korar ƙudaje da mafici. Manga da mutanensa suna gindin bishiya, sun riga sun sassaƙe sanduna biyu sun ɗaura musu igiya. Shi ba ya jin Jukunancinta, ita Afiniki ba ta jin Mumuyancinsa, sai Hausar kasuwa ta haɗa su.

"Ina mutanen ka?" ya ce.

"Suna zuwa, Yaya."

"Tun safe suna zuwa."

Ta shiga ɗaki. Ita da kanta ta goge wa mijinta jiki, ta naɗe shi cikin akokon, Zulai tana miƙo mata ruwa daga bakin ƙofa. Bai fi ɗaurin kara nauyi ba. Da ta gama ta zauna kusa da shi tana sauraron hanya. Duk takun da ta ji sai ya wuce. Wata mai tallan man gyaɗa ta wuce, wani ya wuce a keke yana buga ƙararrawa. Inuwar zana ta tsallake tsakar gida ta fara hawa bangon ɗaki.

Manga ya miƙe ya kakkaɓe bantensa.

"Rana ya karkata. A wurin mu, ko kare na gida ya mutu, mutane yana zuwa. Kai ka ce Allah naku ya fi. To ina su? Fito mana da shi."

Afiniki ta fito, amma ba da shi ba. Ta zagaya bayan ɗaki ta ɗauko digar Nikodimu, ta saɓa a kafaɗa.

"Zulai, ki tsare mini ƙofar nan."

"Goggo, ina za ki da diga?"

Ba ta tsaya ba. Ta bi ta gaban matan zumunta, waɗanda yanzu suke jera ƙwai a cikin kwanduna, ta zagaya bayan majami'a inda 'yan kaburburan Kirista suke. Ta zaɓi wuri kusa da bango ta ɗaga digar. Ƙasar bazara ce, ta yi tauri kamar dutse. Bugun farko ya dawo mata har cikin haƙora. Ta sake bugawa. Jar ƙasa ta fara tsattsagewa tana fantsamo mata a zane.

Matan suka leƙo. Ɗaya ta ce, "Kai, wannan ba kyan gani." Wata ta ce bari ta je ta kira mijinta. Daidai nan aka buga ganga a filin makaranta, yara suka fara jeruwa, sai matan suka ɗauki kwandunansu suka bi su, suna waiwayowa suna cewa yanzu za su dawo.

Tafukanta sun fara ɗurar ruwa lokacin da ta ga inuwar mutum a kan ramin. Manga ne. Ya daɗe yana kallonta, yana kallon jerin yaran da ke wucewa a hanya, Malam Zakka a gaba cikin sabuwar kwat yana kaɗa hannu. Ya tofar da yawu.

"Kawo. Mace ba ya tona rami ina tsaye."

Ya karɓi digar. 'Yan'uwansa suka samo shebur a jikin ɗakin ajiya na majami'a, ba su tambayi kowa ba. Suna haƙa suna magana da harshensu, ba ta ji kalmomin ba, amma ta san zagi in ta ji shi, kuma ba ta ga abin da za ta kare ba. Da ramin ya kai ƙugu, Manga ya tsaya ya share gumi.

"Don me nan? Gida akwai baba nasa, akwai kaka nasa."

"Ya ce nan zai tashi."

"Wa zai tashe shi?"

"Wanda ya riga shi tashi. Yesu ya mutu, aka sa shi a rami kamar wannan, ya fito da ƙafarsa. Ya ce duk nasa haka za su fito."

"Ka gani da ido?"

"Ban gani ba."

Manga ya nuna hanyar gidan Di'o da haɓa. Daga can ana jiyo ihun yara da tafi.

"Da waɗannan zai tashi?"

"Haka ya ce yana so, Yaya. Ni ma ban ga abin da ya gani a jikinsu ba."

Sandunan da aka sassaƙa don kai shi dutse, da su aka kawo shi bayan majami'a. Zulai ta rako su har bakin hanya ta tsaya. Suka saukar da shi a hankali. Manga ya dube ta.

"Ka yi maganan ku."

Afiniki ba ta iya karatu ba. Ta tsaya a bakin ramin ta faɗi abin da ta sani. Ta ce wa Ubangiji ga Nikodimu nan, shi ya san shi, ya san tubalin da ya buga da tarin da ya sha. Ta ce ajiya suka kawo, ba yarwa suka zo yi ba, in ranar ta yi ya kira shi da sunansa. Da ta zo amin, ita kaɗai ta faɗe shi. Mazan suka mai da ƙasa.

Suna cikin daddale saman kabarin sai ga Malam Zakka yana haki, aljihun kwat ɗinsa ya yi tudu da ƙwai biyu.

"Har an rufe? Mama, da kun ɗan jira. Bari in yi addu'a ko a haka."

"An yi, Malam."

Ya dubi Manga da mutanensa, ya dubi shebur ɗin majami'a a hannunsu, ya gyara wuyan kwat. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya ce za a yi babbar sujadar tunawa bayan hidimomin nan, za a sanar. Sannan ya rage murya.

"Na san ba lokacinsa ba ne. Amma waƙar tashin nan ta asuba, ke kike ta da ita kowace shekara. Mun gwada ɗazu, ba wadda ta riƙe farkonta. Ko za ki iya daurewa gobe?"

Amsar da ta zo mata baki tana da ɗaci, kuma ta san ya cancance ta. Ta dubi tudun jar ƙasar. Daga inda yake, in an buɗe tagar majami'a, ana jin duk abin da ake rerawa a ciki.

"Zan zo."

"Madalla, madalla." Idonsa ya sauka a kan zanenta da ƙasa ta rine tun daga gwiwa har ƙasa. "Sai dai Baturen kanti zai zo sujada, har da uwargidan Di'o ta ce ƙila ta leƙo. Ko akwai wani zanen?"

"Da wannan zan zo."

Ya buɗe baki zai ƙara magana. Afiniki ta karɓi digar daga hannun Manga ta saɓa, ta ce wa baƙinta su zo su ci abinci kafin su kama hanya.