Huda Uku a Maratayin Tsoho Liang

"Ɗago hannun kaɗan, Baba," in ji Illa. "Yawwa. Tsaya nan."

Tsoho Liang, maƙwabcinsa, ba ya jin Hausa, amma ya tsaya. Akodiyon ɗinsa, kayan kiɗan nan mai zugazugi da ake ratayawa a ƙirji, yana ajiye a kan teburin da ke waje a bakin ƙofarsa. Shekara biyu ke nan kafaɗarsa ta hagu ta sandare, ba ya iya ɗaga hannun sama da ƙirjinsa. Kullum da safe Illa ne ke ja masa maratayin fata ya ɗora a kafaɗar, sannan ya wuce kasuwar tufafi ta Guangyuan.

Yau Illa zai yi tafiyar mako guda zuwa garin Yiwu, don haka ya sassauta maratayin hagu da huda uku. Ya nuna wa tsohon dabara: a bar kayan a kan tebur, a fara zura hannun da ke ciwo, a sunkuya, sannan na dama ya bi. Liang ya gwada sau biyu, ya yi dariya.

Habsatou, matar Illa, tana kallonsu daga ƙofarta.

"Kai dai ba ka da zuciya," ta ce da ya shigo ɗaukar jaka. "Mutumin da ya sa aka kwashe mini tukwane, shi kake yi wa bauta."

"Haba, Habsatou. Tsoho ne, matarsa ta rasu."

"Ni ma kicin ɗina ya rasu. Wa ya zo mini gaisuwa?"

Wata takwas da suka wuce, tana dafa tuwo da miyar kuka a wannan ɗaki na hawa na biyar, kusa da titin Huanshi Lu. 'Yan kasuwar Maraɗi da na Kano kusan talatin ke hawowa cin abinci kullum. Liang ya kai ƙara wurin mai gidan, ya ce warin daddawa da hayaniyar matakala sun hana shi sakat. Mai gida ya zo da mutum biyu, suka fitar da tukwanen. Tun ranar take zaune ba sana'a. Shi kuwa kowace safiya, ƙarfe bakwai da rabi, yana kiɗansa, ba wanda ya kai ƙararsa.

Washegarin tafiyar Illa, ta jira Liang ya sauka sayen burodi. Ta ɗage ƙyallen da yake rufe kayan da shi. Fatar ta tsufa ta yi tauri, sai da hannu biyu ake zare ta daga ƙarfen. Ta san wannan. Ta mayar da ita huda uku baya, inda take kafin Illa ya sassauta, ta rufe, ta koma ɗaki ta bar ƙofa a ɗan buɗe.

Liang ya dawo, ya yi yadda aka koya masa. Hannun ya shiga, ya maƙale a gwiwa. Ya sunkuya, ya yi nishi, ya zare. Ya sake. Da ya gane abin da ya faru, ya yi ta fama da ƙarfen da hannu ɗaya, har da haƙori. Daga ƙarshe ya ƙwanƙwasa mata, ya nuna maratayin, ya nuna kafaɗarsa.

"Meyo," ta ce, kalmar da masu shago ke faɗa mata in babu kaya. "Illa meyo."

Ya dube ta na ɗan lokaci. Ta rufe ƙofa.

Kwana uku ba a ji kiɗa a hawa na biyar ba. Habsatou ta sha kununta a natse. Kowace safiya tana jin jan tebur da nishi, sannan shiru, kuma abin ya yi mata daɗi.

Rana ta huɗu ƙofarsa ba ta buɗe ba. Da azahar 'yarsa ta zo daga unguwar Liwan da makulli. Bayan sa'a ɗaya aka sauko da shi a rufe. Ciwon zuciya ne, in ji wata mata ta hawa na huɗu. A kujera aka same shi, da takalmansa a ƙafa.

Habsatou ta kira Illa. "Tsohonka ya mutu."

Ya ce, "Allah sarki. Dabarar ta yi kuwa? Yana kiɗan?"

"Ban saurara ba."

Bayan kwana biyu 'yar ta dawo kwashe kaya. Siririya ce, ba ta kai arba'in ba. Ta tsaya a ƙofar Habsatou, ta sunkuyar da kai, ta ce "shiye-shiye", godiya a yarensu, sau uku, tana nuna ɗakinsu, tana nuna teburin. Mahaifinta ya sha ba ta labarin maƙwabtan da ke taimakonsa.

Hannuwanta duka biyu riƙe suke da jakunkuna, sai ta ajiye su, ta zura hannu cikin maratayin akodiyon. Ya zauna mata daidai, kamar an gwada. Ta ɗauki jakunkunan ta fara sauka. Ba ta san ana ɗaure zugazugin ba, kuma jaka ɗaya ta danne wani maɓalli, don haka duk matakalar da ta taka sai kayan ya saki sauti guda, dogo. Habsatou ta tsaya riƙe da ƙofa, tana jinsa a hawa na huɗu, tana jinsa a na uku.