Haɗin Mai Kemis

"Riƙe masa kai, hanyar ba kyau," in ji mai motar.

Tahir ya tallafo kan maƙwabcinsa Sama'ilu ya ɗora a cinya. Idanun sun koma ruwan ɗorawa, cikin ya kumbura, sai sambatu yake a kan geron da bai gama yanka ba.

Gonakinsu suna jere a bayan Dawakin Tofa. Sama'ilu kuwa akwai taurin kai: gero ya nuna, ya ce ba ciwon jikin da zai kwantar da shi. Shi kuma Tahir aljihunsa ba ya rabo da haɗin mai kemis, ƙwayoyi farare da jajaye ƙulle a leda. Kullum in zai sha, sai ya raba biyu ya miƙa wa Sama'ilu, kamar goro. Can gida Sama'ilu ya ƙara da farasitamol ɗinsa, sau da yawa cikinsa ba komai.

A asibiti likitar ta daɗe tana juya ledar a hannu.

"Baba, waɗannan ma akwai farasitamol a ciki. Ya sha kan sha ke nan."

"To ai ni ma su nake sha, likita. Ga ni garau."

"Magani ba ya fita yadda ya shiga. Hanta ce ke juya shi, wani ɓangaren ya zama dafi, ita kuma ta kashe dafin. Taka tana iyawa. Tasa da ma akwai tsohon ciwo, ta gaza."

"Yanzu me za a ba shi?"

Ta sunkuyar da kai. "An makara, Baba. Sai addu'a."

Tsoro ya kama Tahir, irin wanda bai taɓa ji ba. Bai gaya wa kowa abin da ta ce ba. Ranar Talata bayan la'asar Sama'ilu ya cika.

Bayan sadakar uku, Tahir ya yanke sauran geron Sama'ilu, ya kawo dammunan ƙofar gidansa. Hure, matar mamacin, ta yi magana daga bayan zana, muryarta a dishe.

"Malam Tahir, Allah ya saka da alheri. Kullum sai ya ce ba don maganin da kake ba shi ba, da bai iya fita gona ba."

Tahir ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa. Ya tsaya da damin a ka, kaji suna tsattsagar tsabar da ke zuba a ƙafarsa.