Da Sunan Malam Sagir

A bangon ofishin malamai akwai jadawali, an lulluɓe shi da leda saboda yoyon damina. Duk wanda ya bi layin Malama Aina'u da yatsa zai ga gurabe huɗu babu komai a ciki, biyu ran Litinin, biyu ran Laraba. Firi ke nan, lokacin da hukuma ta ware wa malami ya zauna ya tsara darasinsa. Wai firi! Rabon Aina'u da ta ɗora ƙugunta a kujerar ofishin nan tun kafin azumi.

Ƙaramar sakandare ce a bayan kamfanonin fata na Challawa, inda in iska ta juyo sai mutum ya toshe hanci yana koyarwa. Kowane aji yara tamanin, malamai kuwa ba su isa ba, kuma rabin mazan suna da wani aikin a gefe. Malam Sagir mai Lissafi yana tsaron sito a wani kamfanin roba a Sharada, aikin safe, Litinin da Laraba. A ranakun nan ko ƙeyarsa ba a gani. Shugaban makaranta, Malam Dalhatu, da hannunsa ya jera darussan Sagir na aji biyu suka faɗa daidai kan firin Aina'u, don ita ma Lissafi da Kimiyya ta karanta.

To, makarantar tana da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. Kowane aji yana da littafinsa, malamin da ya shiga ya rubuta abin da ya koyar ya sa hannu. Amma in riƙon aji ka yi wa wani, sunan mai ajin za ka sa, ba naka ba. Haka aka tarar, haka ake yi, rufin asiri suke ce masa. Aina'u ba ta da bakin ƙi. Shekara biyu baya, lokacin da ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye, Sagir ne ya riƙe mata azuzuwa sati bakwai cur, yana zana "Aina'u" da karkataccen rubutunsa, ko tsaki bai taɓa yi ba.

Sai dai ita shekararta huɗu tana aikin wucin gadi, kuma a wannan zangon ne ake ɗaukar sunayen waɗanda za a mayar na dindindin. Sharaɗi ɗaya ne, sufeto ta duba littafin tsara darasinka ta sa hannu. Littafin Aina'u sati biyar yake bin ta. Kada wani ya ce ta rubuta a gida. Adaidaita biyu take hawa kafin ta kai Na'ibawa, ta tarar da yara huɗu, ga girki, ga wanki, ga tsohuwa da sai an juya ta. Sau nawa ta ɗauki biro, sai dai ta farka ta gan shi a ƙasa.

Ran Talata ta sami Malam Dalhatu a ofishinsa.

"Malam, don Allah ku bar min firin gobe. Jibi sufeto za ta zo, ku duba littafina ku gani."

"Na sani, Malama, wallahi na sani," in ji shi, yana fifita da wani tsohon fayil. "Ki zauna abinki. Zan san yadda na yi."

Bai san yadda ya yi ba. Ran Laraba Aina'u ta zauna, ta buɗe littafi, ta ja layi, ta rubuta kwanan wata. Sai ihu ya tashi daga aji biyu, sai ƙarar benci ya karye, sai kukan wata yarinya. Malam Dalhatu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Gyaran murya kawai ya yi. Bawan Allah, wa zai tura? Duk mai numfashi a makarantar yana cikin aji, shi kansa alli ne fal a hannunsa. Aina'u ta rufe littafin ta miƙe. Ta koyar da darasi biyu, ta jawo littafin aji ta zana "Sagir".

Ran Alhamis sufeto Hajiya Badi'a ta iso, dattijuwa mai tabarau, ba muguwa ba ce, amma ba ta tsallake shafi. Ta tara malamai a ofis, ta sa aka ciro mata jadawali, ta jera shi da littattafan aji da na tsara darasi. Na Malam Sagir tsaf yake har satin gobe. Yo me zai hana? A sito yake rubuta abinsa, a zaune, kafin motar kaya ta zo. Da ta buɗe na Aina'u sai ta sauke tabarau kan hanci.

"Malama, sati biyar babu komai. Ga shi kuma ina ganin firi huɗu a layinki. Me kike yi da su?"

Amsar tana bakin Aina'u. Littafin aji biyu ga shi a buɗe gaban Hajiya, abin da za ta ce kawai shi ne, ranki ya daɗe, dubi wannan sa hannun, ki dubi rubutuna. Shi ke nan, ta wanke kanta. Shi ke nan kuma aikin Sagir ya tafi, kujerar Malam Dalhatu ta bi shi. Ta waiga. Sagir ya kafa wa siminti ido, gumi yana bin wuyan rigarsa. Haushi ya turnuƙe ta, haushinsa, haushin shugaba, haushin kanta. Ta so ya buɗe baki da kansa, ta ba shi lokaci har numfashi uku. Bai ɗago ba. Sai ta tuna sati bakwai ɗin nan.

"Sakaci ne, Hajiya," ta ce.

Hajiya Badi'a ta girgiza kai, da alama abin bai yi mata daɗi ba.

"To, bana dai sunanki ba zai shiga ba, sai wani zagayen in Allah ya kai mu. Ki dubi ɗan'uwanki Malam Sagir mana. Darasi ɗaya bai taɓa tsallakewa ba, kuma kayan da ke kansa ya fi naki." Ta juya wajen shugaba. "Malam Dalhatu, tunda firin ba ya amfanarta, kuma na ga ta karanta Lissafi, a mayar mata da aji biyu na Litinin da Laraba. Shi a ba shi gurbin ya ɗan sarara."

"To, ranki ya daɗe," in ji Malam Dalhatu, muryarsa can ƙasa.

Da aka tashi Sagir ya biyo ta har bakin titi, inda manyan motoci ke wucewa.

"Malama, wallahi tallahi bakina ne ya yi nauyi. Ki yafe ni."

"Bari, Malam Sagir. Na gaji, ko faɗan ma ba zan iya ba." Ta ɗaga wa adaidaita hannu.

Litinin aka liƙa sabon jadawali, layin Aina'u a cike dam, babu gurbi ko ɗaya. Ba abin da ya canja a ƙafafunta, hanyar aji biyun da suka saba ita suka bi. Ta koyar, ta goge allo, ta jawo littafin aji. Yau dai ajinta ne halak malak, sunanta za ta sa. Sai da ta ɗaga biro ta duba, ta ga hannunta ya riga ya gama rubuta "Sagir".