Yarinyar da Ba Ta Sunkuyar da Kai

Sati uku da ƙaurowarsu Keffi daga Akwanga, Caroline ta zaga makarantu huɗu da 'yarta Anita, wadda zazzaɓi ya tafi da jinta. Da ido yarinyar ke sauraro, leɓen mai magana take karantawa.

A makaranta ta biyar, a Gangaren Tudu, hedimasta na yi wa Anita tambayoyi, ita kuwa ta ƙura wa bakinsa ido. Ransa ya ɓaci.

"Madam, ba ku koya mata ladabi ba ne? A nan yaro sunkuyar da kai yake in babba na magana."

"In ta sunkuya, Malam, ta kurmance sau biyu ke nan."

Ya juya wajen taga, ya ce ba su da gurbi.

Yawon nan ya ishi Caroline haka. Ta jawo Anita gabansa.

"Ni na ji, ita ba ta ji ba. Juyo ka faɗa mata da bakinka."

Ya juyo. Anita ta kafe shi da ido, tana jira. Sai ya miƙo hannu.

Caroline ta miƙa masa takardun yarinyar. "A bencin gaba za ta zauna."